Masaukin Araha a Bakin Teku: Ɗakunan Hayar Matan Nazare

Ina fata an sallami yara makaranta, an ɗora sanwa, an ɗan samu sararin zama. To a jawo rediyo kusa, domin yau tafiya za mu yi mai nisa, kuma irin tafiyar nan ce da ba sai kin ɗauki mayafi ba.

Ƙasar Fotugal za mu. Tana can ƙarshen yammacin Turai, Sifen ta tokare ta ta gabas da arewa, tekun Atilantika kuma ya kewaye ta ta yamma da kudu. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 10, babban birninta Lisbon. Kin daɗe da sanin wata kalma ta harshensu ba tare da kin lura ba, domin su ne suka raɗa wa Ikko sunan Legas. Daga Lisbon in aka miƙa arewa kimanin kilomita 120, wato bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba, sai a iske wani garin masunta mai suna Nazare. Motar safa tana kai mutum cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Sunan garin daga Nazarat ya samo asali, garin da Annabi Isa, alaihis salam, ya tashi. Mutanen garin da ƙauyukansa kimanin 15,000 ne, amma da zafi ya shigo baƙi kan ninka su.

Abin da ya sa na zaɓi wannan gari shi ne, a can masaukin baƙi na araha sana'ar mata ce. Baƙon da ya sauka daga mota ya gangara titin bakin teku zai riƙa ganin mata manya, wasu a tsaye, wasu a zaune a kan 'yar kujera, kowace da ɗan allo a hannu. A jikin allon an rubuta kalma ɗaya, wato "ɗakuna", da harshen Fotugal da Faransanci da Jamusanci da Turanci. A harshensu quartos ake cewa. Har suna aka ba matan nan, ana kiran su chambristas, daga kalmar Faransanci ta ɗaki. In baƙo ya tsaya, sai a yi ciniki a nan bakin titi, da baki in ana jin juna, da yatsu in ba a ji. In an daidaita, sai ta shige gaba ya bi ta cikin lungu har ƙofar gida. Tun da neman ɗaki ya koma cikin waya da intanet yawansu ya ragu, amma al'adar ce aka san garin da ita.

Za ki ce, to ina mazan? Ai mazan suna teku, 'yar'uwa. Nan ne tushen maganar.

Har zuwa shekarun 1980 Nazare ba ta da tashar jiragen ruwa mai kariya. Daga kan rairayi ake tura kwale-kwale kai tsaye cikin igiyar ruwa, in an dawo kuma a sa shanu su jawo shi tudu. Wurin da ya fi haɗari a dukkan tafiyar shi ne dab da gaɓa, inda igiyar ruwa take karyewa. Saboda haka mace tana iya zama a kan rairayi tana kallon jirgin mijinta ya kusa isowa, har tana gane shi, sai ruwa ya kifar da jirgin a kan idonta, ba abin da za ta iya. Innalillahi. Wasu mazan kuma sukan shiga manyan jiragen da ke zuwa can kusa da Kanada da Girinlan kamun wani kifi da suke kira bacalhau, wanda ake barbaɗe shi da gishiri a busar. Su tafi wajen watan Afrilu, sai wajen Oktoba a gan su, in da rabon ganawa. Mu takabarmu wata huɗu da kwana goma ce. Su a tsohuwar al'adarsu, wadda teku ya cinye mijinta baƙin kaya za ta sa har ta koma ga Ubangijinta. Shi ya sa za ki ga tsofaffi cikin baƙi tun daga kallabi har safa.

Gidan da maigida yake rabin shekara a kan ruwa, wa zai riƙe shi? Mace ce. Ita ke karɓar kifi, ita ke tallan sa, a da har da ɗaukar kwando a ka zuwa ƙauyukan da ke nesa da teku. Ita ke ajiye kuɗi, ita ke biyan bashi. Wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Jan Brøgger ya zauna da su ya rubuta littafi a kan zamansu, kuma babban abin da ya lura da shi ke nan, cewa ragamar gida da ta aljihu a hannun mata take. Da mutanen birni suka fara zuwa shan iskar teku lokacin zafi, sai matan suka ga wata ƙofar samu. Iyali sukan tattara nasu ya nasu su matsu a wani ɗan ɗakin ajiya na baya, su bar wa baƙi ɗakunansu masu kyau na wata biyu ko uku. Kuɗin nan shi ke ɗaukar gida lokacin sanyi, sa'ad da teku ke hauka, jirgi ya yi kwana da kwanaki bai fita ba. Kin ga dai kamar yadda wata a cikinmu take tara na ƙuli-ƙuli ko na saƙar hula don ranar da hannun maigida ya yi sanyi.

Af, kada in manta da siket bakwai. Kayan gargajiyar matan garin shi ne siket a kan siket har bakwai, da atamfar gaba mai ado, wato irin ƙyallen nan da ake ɗaurawa a ƙugu, da kallabi, da 'yan kunnen zinariya. Wasu sun ce bakwai ɗin kwanakin mako ne, wasu sun ce launukan bakan gizo ne, wasu kuma sun ce da su ake ƙirga igiyar ruwa, wai bayan ta bakwai teku kan ɗan lafa jirgi ya samu shigowa. Ni dai bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na sanyi: macen da za ta yini a kan rairayi tana jiran jirgi, sai ta ɗaga na sama ta lulluɓe kai da kafaɗa, na ƙasa kuma su rufe mata ƙafafu.

To yanzu mu shiga masaukin kansa. Na san a cikinku akwai wadda ɗanta ke karatu a Turai, akwai wadda maigidanta ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga, wata rana ana iya cewa ki shirya. Wadda ba za ta je ba ma, ai sani ba ya ɓaci.

Masaukin araha a irin waɗannan garuruwa iri uku ne. Akwai ƙaramin otal da ake kira pensão ko residencial, galibi na iyali guda ne, uwa a wurin karɓar baƙi, 'ya tana gyaran ɗakuna. A shekarar 2008 doka ta sake tsarin rabe-raben masaukai ta soke waɗannan a matsayin rukuni, amma sunayen sun zauna a jikin gine-gine da bakin mutane. Akwai ɗaki guda a cikin gidan mutane. Akwai kuma ɗan sashe mai ɗaki da falo da kicin. Dokar 2008 ɗin ita ce ta kawo abin da suke kira alojamento local, wato masaukin gida mai rajista, kuma alamarsa haruffa biyu ne, AL, da za ki gani a ɗan allo a bakin ƙofa ko a cikin tallan wurin tare da lambar rajista. Wannan lambar ki sa maigida ya neme ta tun kuna gida. Dalili kuwa, mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai da biza yake shiga Fotugal, kuma cikin takardun da ake nema har da shaidar inda za a sauka. Tsohuwa mai allo a bakin titi, duk kirkinta, ba za ta iya aiko miki da wannan takarda ba. In za a ba da kafin alƙalami, a ba wa wuri mai rajista, a karɓi shaida a rubuce.

Da kun isa za a nemi fasfo a rubuta bayananku. Kada ranki ya ɓaci, ba don baƙar fata ba ne, ba kuma don hijabi ba. Doka ce ta wajabta wa kowane masauki ya sanar da hukuma duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba. Wurin da bai tambaye ku fasfo ba, shi ne ma abin tuhuma. Sannan kowane masauki da gidan abinci dole ya ajiye littafin ƙorafi, wanda hukuma ke duba abin da aka rubuta a ciki. Baƙo yana da ikon ya ce a kawo masa shi.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma haka ne. Ɗakin ƙarami ne, gado ya cinye rabinsa. Gidajen tsofaffi ne masu hawa biyu ko uku, matakala siririya mai tsayi, sau da yawa ba na'urar hawa bene. In da Hajiya za a tafi, mai ciwon gwiwa, a roƙi ɗakin ƙasa tun kafin a biya. Bango ba kauri, za ki ji tarin maƙwabci. Da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, sun dogara da iskar arewa da ke kaɗawa da yamma lokacin zafi. Lokacin sanyi kuwa danshin teku kan shiga bango da bargo, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, don haka a tambaya ko akwai abin ɗumama ɗaki. Da asuba tsuntsayen teku ne za su tashe ki da kuka kamar ana yanka su. Sokat ɗin wutarsu mai rami biyu ne zagayayyu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun saba da shi, amma ta Kano ko Sakkwato sai ta tafi da ɗan mahaɗi, in ba haka ba waya ta mutu ba cajin.

Amma fa akwai abin da araha ba ta hana ba, shi ne tsabta. Matar da sunanta ke kan ɗakin, wadda gobe za ta haɗu da maƙwabtanta a kasuwa, ba za ta yarda a ce baƙo ya fita daga gidanta yana ƙorafin zanin gado ba. Jarinta ke nan gaba ɗaya: farin zanin gado, tawul mai ƙamshin sabulu, daɓe a goge. Duk da haka, in ɗakin bakin titi ne, al'ada ta yarda ki ga ɗaki kafin a biya. Ki ɗaga zanin gado ki duba katifa. Ki buɗe famfo ki ji ko ruwan zafi na zuwa. Ki gwada makulli. Sannan a faɗi kuɗin a fili: na mutum ɗaya ne ko na ɗaki, da karin kumallo ko babu, kwana nawa. A rubuta a takarda da lambobi, domin lamba ba ta buƙatar tafinta. Kuɗinsu Yuro ne tun 2002, kuma ƙananan wurare da dama sun fi son kuɗi a hannu.

Babbar tambayar da mace irinmu za ta yi ita ce ta banɗaki. A masaukin araha akwai ɗakin da banɗakinsa ke ciki, akwai wanda ake tarayya a kan baranda da sauran baƙi, maza da mata. Bambancin kuɗin bai kai wahalar ba. Ki tuna za ki fita alwalar asuba, ki tuna ba ki saba haɗuwa da baƙon namiji a ƙofar makewayi ba. A nan kam ban ga wurin tsimi ba, a biya na ciki. Wani abin daɗi shi ne banɗakunan Fotugal da yawa suna da wani ɗan kwano na tangaran a gefen masai, mai famfonsa, wanda aka yi shi musamman don tsarki da ruwa. Amma ki jefa 'yar butarki ta roba a jaka, ba ta da nauyi.

Sai maganar taga. Ɗakin da ke kallon teku shi ya fi tsada, shi kowa ke rububi. A watan Yuli da Agusta kuwa abin da tagar za ta nuna miki shi ne dubban mutane kwance a rairayi cikin kayan wanka, wanda mu a wurinmu tsiraici ne, ga kiɗa da hayaniyar masu shaye-shaye har tsakar dare. Ɗakin da ke cikin lungu, layi biyu ko uku daga gaɓa, ya fi arha, ya fi sutura, ya fi barci. Lungunan garin a miƙe suke zuwa teku, in kin leƙa za ki hango ruwan a ƙarshen layi. A nan ne kuma za ki ga ainihin garin: wanki a shanye daga taga zuwa taga, tsohuwa ta fito da ɗan murhun gawayi ƙofar gida tana gasa kifin sadin. Irin na gwangwanin nan da kika sani, amma ɗanye, ya fi shi girma, gishiri kawai ake barbaɗa masa.

Ba za ki ji kiran salla ba, ƙararrawar coci za ki ji. Babban masallacin ƙasar yana Lisbon, an buɗe shi a 1985. Saboda haka agogo da jadawalin lokutan salla su ne ladaninki. Ga wata dabara mai sauƙi: gaɓar Nazare yamma take kallo, alƙibla kuma daga can tana gabas ne, an ɗan karkata kudu kaɗan. In kin juya wa teku baya kin kusa daidaita, sai a ƙarasa gyarawa da na'urar waya. Lokutan ne za su ba ki mamaki. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, lisha kuma ta kusa sha ɗaya. Lokacin zafi agogonsu daidai yake da namu, lokacin sanyi kuma muna gabansu da awa ɗaya, sai a kiyaye in za a kira gida.

Abinci fa? Karin kumallon ƙaramin otal burodi ne da bota da cuku da kofi mai madara. Amma kusa da cukun ana jera wani nama ja-ja yankakke fale-fale, sunansa fiambre. Naman alade ne, kada ki kusance shi. Miyar ganyen da suka fi so, caldo verde, ana jefa mata yankan tsiran alade a ciki. Farfesun kifinsu mai suna caldeirada sau da yawa ana zuba masa giyar inabi wajen dahuwa. Ki riƙe kalmomi uku: porco alade, vinho giya, sem kuma "ban da". Gasasshen kifi da dafaffen dankali da ganye shi ne mafi kwanciyar hankali. Kuma in kun zauna a gidan abinci aka ajiye muku burodi da zaitun da cuku ba ku nema ba, ba baiko ba ne irin namu. Abin da kuka ci za a sa a lissafi, in ba kwa so sai ku ce a ɗauke, ba laifi ba ne.

Ni a ganina sashe mai kicin ya fi duka, musamman in kwanakin sun haura uku. Kasuwar garin tana nan kusa, da safe ake cin ta, kifi na kwana ɗaya, tumatir, albasa, shinkafa, man zaitun, har da barkononsu mai zafi da ake kira piri-piri. Kin dafa da hannunki, kin san abin da ke cikin tukunya, kuɗi kuma sun yi saura. Sai dai kada ki ce za ki yi guzurin kilishi ko dambun nama ko man shanu. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe.

A kan rairayin, ɓangaren kudu, akwai wurin shanya kifi. Mata ne ke aikin. Su tsaga kifin, su wanke shi a ruwan gishiri, su baje shi a kan raga da aka ɗaure a jikin katako, rana da iska su busar da shi cikin 'yan kwanaki. Ba hayaƙi kamar bandarmu ta Baga ko Yawuri, gishiri da rana ne kawai. Har dorinar ruwa mai hannu takwas suke shanyawa. In kin saya, ki ce obrigada. Na gode ke nan a bakin mace, namiji kuma obrigado yake cewa.

Garin hawa biyu ne. Akwai unguwar gaɓa, akwai kuma Sítio a kan wani dutse da tsayinsa ya haura mita 100. Wani ɗan tarago da ake ja da igiyar ƙarfe yake haɗa su, a 1889 aka buɗe shi. A can sama za ki tarar da mata masu siket bakwai suna sayar da gyaɗa da busasshen ɓaure. A bayan dutsen ne abin da ya sauya wa garin rayuwa yake. A ƙarƙashin tekun akwai wani kwazazzabo mai tsawon fiye da kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 5,000, kuma bakinsa ya zo dab da gaɓa. Shi ke tattaro ƙarfin ruwa lokacin sanyi ya tayar da igiya kamar bene. A 2011 wani Ba'amurke mai suna Garrett McNamara ya hau wata igiya mai kusan mita 24 a kan ɗan allo, hoton ya zaga duniya. A 2020 wata 'yar Birazil, Maya Gabeira, ta hau mai mita 22 da ɗoriya, a shekarar kuma wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau mai mita 26. Ruwan da ya mayar da kakanninsu zawarawa, yau shi ke cika wa jikoki ɗakunan haya daga Oktoba zuwa Maris, watannin da a da ake rufe ɗakuna a zauna jiran zafi. Ke dai in kin je da yara, ki riƙe hannunsu. Ruwan da sanyi ko a tsakiyar zafi, kuma yana ja. Jar tuta a bakin ruwa tana nufin ba a shiga. Lambar neman agaji 112 ce.

Cikar ɗakunan nan ta zo da nata ciwon kai. A garuruwan bakin teku na Fotugal da manyan biranenta, mai gida ya gane cewa baƙon kwana uku ya fi ɗan haya na shekara kawo kuɗi. Sai gidajen zama suka riƙa komawa masauki, kuɗin haya ya tashi, saurayi da budurwa 'yan gari su yi aure su rasa inda za su tare a unguwar iyayensu. A 2023 gwamnati ta taƙaita ba da sabuwar rajistar irin waɗannan masaukai, a 2024 kuma gwamnatin da ta biyo baya ta sassauta, ta bar wa ƙananan hukumomi su tsara nasu. Kuma ba duk ɗakin da ke intanet ne na matar masunci ba, wasu na kamfanoni ne masu gidaje da yawa, ba za ki ga kowa ba sai lambar buɗe ƙofa da za a turo a waya. In kina son kuɗinku su shiga hannun mutanen gari, sai a duba wurin da iyali ke zaune a ciki ko kusa da shi, wanda uwar gidan ce da kanta za ta miƙo muku makulli.

Ga wadda ke da zaɓin lokaci, watan Mayu ko ƙarshen Satumba ya fi. Kuɗin ɗaki ya sauko daga na Agusta, sanyi bai kankama ba, rairayi ba cunkoso, kina iya fita da maigida bayan la'asar ki zauna cikin hijabinki ki kalli jiragen masunta suna komowa tasha.

To 'yan'uwa, mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya cimmana. A duba tukunya kada ta kama. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.